Hamsin Aka Rubuta Mini

Litinin, 5 ga Mayu

Maigidana Injiniya ya sauka jiya. Wata shida a teku, ya dawo mini da tumbi da akwati cike da kayan wanki, wai injin wankin jirginsu yana cin wuyan riga. Ranar 30 zai koma. Kwana ashirin da shida ke nan, na ƙirga sau uku kamar zai ƙaru.

Yau muka je wurin Likita tare. Ta jawo fayil ɗina, wanda ya fi rajistar ajina kauri, ta bi mana tarihin daga farko. Bara kulomifin, ƙwaya ɗaya kullum har kwana biyar. Ƙwai ya fito, amma shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, ga zufa tana karyo mini a gaban allo, ga wani walƙiya-walƙiya a idona har ta ce in daina. Hutunsa na baya wata ƙwayar kuma, letirozol. Wannan bai taɓa shimfiɗar ba, ciwon kai kawai da kasala, ƙwai ɗaya ya nuna tas, amma bai kama ba. Wata na biyu ko motsi jikin bai yi ba.

Yanzu allura. Ta ce ƙwaya lallashin ƙwaƙwalwa take yi ta aika saƙo, ita kuwa allura kai tsaye take zuwa gidan ƙwan. Ta ce matsalata ba rashin ƙwai ba ne, yawansu ne, ƙanana birjik sun cunkushe ba wanda ya yarda ya wuce gaba. Saboda haka da kaɗan za a fara, hamsin kullum. Ɗaya ake nema, ko biyu. In suka wuce uku za ta soke watan gaba ɗaya.

Na tambaye ta kwana nawa. Ta ce wata macen mako biyu, wata mako huɗu, wata mako biyar. Na kalli Injiniya, shi kuwa yana can yana kallon yadda aka haɗa ƙafar gadon gwaji.

Shekarata talatin da takwas. Bakwai da aure.

Talata, 6 ga Mayu

Na ja jadawali a bangon baya na littafin nan. Sunan magani, kwana nawa, ƙwai nawa, kaurin shimfiɗa, abin da ya yi mini. Shekara goma sha huɗu ina koyar da lissafi, abin da ban sa a layi ba hankalina ba ya ɗaukarsa.

Laraba, 7 ga Mayu

Allura ta farko.

Sista ce ta koya mana jiya, babbar nas ɗin nan mai rataye tabarau da igiya. Abin kamar biro yake, mai kauri. Ana murza gindinsa yana ƙas-ƙas har lambar da ake so ta fito a wata 'yar taga, sai a soka a gefen cibiya a danna. Ɗari tara ne a ciki. A firij yake kwana, kusa da ƙwan kaji, abin da ya ba Injiniya dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Ga inda muka tsaya: ni ba na iya soka wa kaina allura. Shi kuma ba ya ganin ƙananan lambobi, sai ya miƙa hannu can nesa yana ƙifta ido, amma ka ce masa ya sayi tabarau sai ya ce ai shi yaro ne. Sai muka raba aiki. Ni ke murzawa, shi ke sokawa. Ƙarfe bakwai na safe, a kicin, kafin in tafi makaranta.

Ya wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin fiɗa. Da ya gama ya ce, "Malama, ke ce ido, ni ne hannu." Ban ji zafi ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Shiru. Ko ɗan tsunkuli a mara ban ji ba. Ruwa ne a biron nan?

Talata, 13 ga Mayu

Sikanin na farko, hoton ciki don a ga ƙwan, bayan allura bakwai. Ni kaɗai na je, Injiniya yana wajen sabunta takardunsa na jirgi.

A bencin jira na tarar da Mai Ɗinki. Tun bara muke haɗuwa a bencin nan, tela ce, kullum da zare manne a gyalenta, bakinta kuma ba ya hutawa. A bencin nan ba a tambayar sunan mutum, lambarsa ake tambaya. Wane magani, nawa, ƙwai nawa aka gani. Ta ce ita ɗari uku ake yi mata kullum, don za a ciro ƙwan ne a haɗa a waje. Da na ce hamsin sai ta kama haɓa, ta ce hamsin kuma, ko dai ɗanɗano ake ba ni. Wasa take yi, na sani. Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har kan gadon gwaji.

Likita ta juya na'urar hoton a cikina ta yi ta auna ƙwan. Duk ƙanana, babu wanda ya kai milimita goma. Sai ya kai sha takwas ake cewa ya nuna. Ta ce haka ake so, a hankali, in ci gaba da hamsin, in dawo Litinin kafin in yi allurar ranar.

Na ce, "Likita, ranar talatin zai tafi."

Ta ce ta sani, amma jiki ba ya duba tikitin kowa. Ta ce mai irin jikina tsakanin shiru da ambaliya tazarar kaɗan ce. Na ce to.

To ɗin baki ne kawai. A mota na yi lissafi a bayan takardar gwaji. In Litinin ma shiru, ta ƙara zuwa saba'in da biyar, a sake jiran mako, ranar 26 ke nan. In nan ma shiru fa? Sai Disamba. A Disamba na shiga talatin da tara.

Na ƙara layi a jadawali na sa Mai Ɗinki. Ɗari uku. Ninki shida.

Laraba, 14 ga Mayu

Na murza ɗari.

Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Ina tsaye gaban firij, ya juya baya yana wanke hannu, lambar ta kai hamsin, yatsana ya ci gaba. Na miƙa masa. Ya soka, ya danna, ya ce yau kamar ya fi jan lokaci kafin ya ƙare. Na ce sanyin firij ne.

Ɗari ai ba ɗari uku ba ne. Kashi ɗaya cikin uku na abin da wata take ɗauka kullum tana zuwa shago tana taka keke.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ɗari.

Wata ɗaliba ta kwafi amsar ta kusa da ita a gwaji, har da kuskuren. Na tsaya a kanta na yi mata faɗa sosai, na ce tambayarki daban, tata daban, takardun ma kala biyu na raba. Ina cikin faɗan na gane da kaina nake. Na ce su ci gaba, na fita na sha ruwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau na ji shi. Nauyi a mara, dama da hagu, kamar an cusa mini lemo biyu. Siket ɗina ya ƙi zugewa. Murna ta kama ni, tsoro ya biyo baya, ban san wanne ya fi ba.

Injiniya ya lura ina tafiya a hankali. Ya ce ko mu kira Sista. Na ce alamar aiki ce. Ya yi ta fara'a, ya gyara famfon banɗaki da ya shekara yana ɗiga, yana waƙa da muryar nan tasa ta injin da ba a sa wa mai ba. Da rana na gan shi tsaye a ƙofar ƙaramin ɗaki, wanda muke tara kwalaye, yana auna bango da ido.

Gobe in koma hamsin? In na koma yanzu me na yi ke nan?

Lahadi, 18 ga Mayu

Ɗari. Na duba gilashin biron a hasken taga, saura ɗan mitsitsi a ƙasa. Sista ta ce a riƙa zuwa da shi duk ranar sikanin. Ba zan je da shi ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Tara.

Tun kafin ta yi magana na gani a allon, baƙaƙen ramuka manya-manya cunkushe da juna. Tana aunawa tana faɗa wa Sista, sha bakwai, sha shida, sha shida, sha biyar, ni kuwa ina ƙirgawa a zuci. Da ta wuce na huɗu na daina numfashi sosai. Ta ajiye abin, ta cire safar hannu, ta ce a kira maigidan.

An soke. Ba allurar sakin ƙwai, ba komai. Ta ce in aka ci gaba ana iya samun 'ya'ya huɗu ko biyar a ciki ɗaya, ba su tsira ba, ni ma ba tabbas. Ta ce mu nisanci juna har sai al'ada ta zo, kuma ba da wasa take ba. In sha ruwa da yawa, in riƙa hawa sikeli kullum, in numfashi ya yi wuya ko ciki ya kumbura ko fitsari ya ragu mu taho ko da wane lokaci ne.

Al'ada sai nan da mako biyu. Shi kuma ranar 30.

Sai ta ce abin ya ba ta mamaki, daga shiru zuwa tara a kwana shida a kan hamsin. Ta tambaya wa ke yin allurar. Injiniya ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ya ce shi ne, kuma tun Laraba ya ji dannawar tana daɗewa, wataƙila yana danna abin fiye da kima, ko yana barinsa a jiki ya wuce lokaci. Likita ta ce biron ba ya ba da fiye da abin da aka murza. Ya ce kowane inji yana iya kuskure in hannu bai iya shi ba.

Ina zaune. Bakina yana nan, harshena yana nan.

Sista ta ce ina biron. Na ce na manta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in zo da shi jibi in za a sake duba ni.

A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Mai Ɗinki. Ta ce nawa. Na ce tara, an soke. Ita biyu aka gani, bayan kwana goma sha ɗaya a kan ɗari uku, ɗayan ma ba shi da tabbas. Ta riƙe hannuna ta ce, "Tara. Ni ko a mafarki." Idonta ya cika. Ita tana kukan nawa, ni ina kishin nata.

Talata, 20 ga Mayu

Na tafi makaranta da biron a cikin jakar abinci, na tura shi bayan firij ɗin ɗakin malamai. Da ya nema na ce na kai ne don kada in sake mantawa, daga can zan wuce asibiti. Ƙarya ta uku ke nan, ko ta huɗu. Ni mai ƙirga komai, wannan na kasa.

Bai ci abinci ba. Ya zazzage takardar bayanin da ke cikin kwalin, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki hotonta da waya yana buɗa rubutun da yatsu don ya gani. Ya ɗauki biron rubutu na gaske yana gwada dannawa a kan matashin kujera, yana ƙirga daƙiƙa. Mutumin da injin jirgi mai hawa uku yake yi wa biyayya.

Da la'asar ya kawo mini ruwa a babban kofi, ya tsaya har na shanye. Ya ce, "Ki yafe mini, Malama. Wata shida kina jira, na zo na ɓata da hannuna."

Na ce ba komai, haka Allah ya so.

Na ce BA KOMAI. Na karɓi haƙurin da ya ba ni, na sa a aljihu. Wace irin mace ce ni?

Nauyi ya ƙaru da rabin kilo. Numfashi lafiya.

Laraba, 21 ga Mayu

Ya ce shi zai kai ni. Muka biya makaranta na ɗauko biron. Tun daga ƙofar makaranta har asibiti ina shirya maganar, duk fitilar hanya da ta tsayar da mu sai in ce a ta gaba.

Sista ta karɓa, ta sa tabarau, ta ɗaga shi sama saitin taga. Ta daɗe. Sannan ta jawo takarda ta rubuta da manyan lambobi, ta juyo da ita gabana. Ɗari tara. Allura goma sha biyu sau hamsin, ɗari shida. Ya kamata a ga saura ɗari uku. Hamsin ne a ciki.

Injiniya ya matso ya ce to ai ga shi nan, biron yana zubar da fiye da kima, ko kuma shi ne.

Sista ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Malama, ke ce mai lissafi. Ɗari biyu da hamsin ɗin nan, raba mana shi."

Na ce, "Biyar. Kwana biyar, ƙarin hamsin-hamsin. Ni na murza."

Ana jin ƙarar firij ɗin magani a kusurwa. Sista ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma bencin can na waje ya fi kowace cuta ba ta aiki. Da muka shiga wurin Likita ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta gode da na faɗa, don da ta rubuta a fayil cewa hamsin ya yi mini yawa, ta rage a karo na gaba, mu yi ta lalube a kan ƙarya. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ruwa kaɗan ne ya taru a cikin, ta ce zai janye.

A mota bai tayar ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bangon da ke gabanmu. Na fara bayani, ranar talatin, Disamba, shekaruna, Mai Ɗinki. Ya bari na gama.

Ya ce, "Allurar na gane. Da ni ne ke ƙirga kwanakin nan wataƙila da na yi fiye da haka. Amma kwana biyu kina kallona ina tuhumar hannuna. Jiya na ba ki haƙuri, kika karɓa."

Ya tayar da mota.

Juma'a, 23 ga Mayu

Yana kawo ruwa. Yana tsayawa in hau sikeli, ya rubuta a takardar da ya manna a firij. Yana tambaya numfashi fa. Ban da wannan, shiru. Bai ce Malama ba tun shekaranjiya, "ke" kawai.

Da ya yi zagi da na samu abin riƙewa.

Litinin, 26 ga Mayu

Ciki ya fara saki, siket ya zugu. Na sake ba shi haƙuri, ba tare da ko "amma" ɗaya ba wannan karon. Ya ce ya ji. Ya ji ɗin nan ban san zurfinsa ba.

Ya rufe ƙofar ƙaramin ɗaki.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ya tafi. A bakin mota ya ce in ci gaba da shan ruwa. Na ce to. Ya ɗan tsaya kamar akwai saura, sai direba ya yi hon.

Na dawo na tarar ya cire takardar sikeli daga jikin firij ya tafi da ita. Me zai yi da nauyina a teku?

Talata, 17 ga Yuni

Na koma wurin Likita, komai ya koma daidai. Ta ce a Disamba za ta haɗa letirozol da allura 'yar kaɗan, ƙasa da hamsin ma. Na buɗe baki zan tambayi me ya sa ba kaza ba, sai na rufe.

Mai Ɗinki ba ta bencin. Sista ta ce ba ta ba da labarin wani ga wani. Daidai ne. Na yi mata addu'a a zuci, ƙwai biyun nan nata.

Wata sabuwa ce a wurinta, yarinya-yarinya, riƙe da kwalin biro kamar zai fashe. Ta matso ta ce, Anti, ke nawa ake yi miki, ni saba'in da biyar aka ce, ba kaɗan ba ne? Na ce ban tuna nawa ba. Na ce in tana da shakka ta shiga ta tambayi mai tabarau, kuma kada ta bar kowa a bencin nan ya duba mata takarda, har ni. Ta dube ni kamar na yi mata rowa. To, ta yi ta duban.

Jiya da yamma ya turo hoto, na farko tun tafiyarsa. Sun tsaya a wata tasha, ya shiga gari ya sayi tabarau. Baƙin firam, ya zauna masa a karan hanci kamar tsohon hedimasta. Ba rubutu a ƙasa.

Na ce shi ke nan, ya daina yarda da idona. Na ajiye wayar, na wanke kwanonin da na riga na wanke, na dawo na sake kallo. Na rubuta na goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe na ce, ka zo da su Disamba, kai za ka murza, kai za ka soka, ni zan kalli bango.

Sai yau da safe amsa ta shigo. "To, Malama."

Ban cika jadawalin baya ba yau. Rular ce ban gani ba, ina jin na bar ta a makaranta.